Ibrah Mai Kafe, Mai Aurar da Furanni

Duk wanda ya saba fita garin Filinge da sassafe ya san shi. Da an sallame sallar asuba, kafin mata su fara kai da kawo a bakin rijiya, za ka hango wani dattijo siriri ya ratso tsakanin gawuna, hauya a kafaɗa, tsohuwar jakar buhu a rataye, hularsa ta sha wanki har ta manta launinta. Ba ya sauri. Hannunsa na hagu kullum a ɗan lanƙwashe yake, fatar ta tattare tun daga wuyan hannu har gwiwa. In ka gaishe shi zai tsaya ya amsa, ya tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, amma idonsa na kan gonar da ke bayanka. A cikin jakar babu komai sai 'yan jakunkunan akoko da matarsa Dijatu ke ɗinka masa, da zare, da gashin zabo, da wani ɗan hantsaki da ya girmi yawancin masu gaishe shi.

Da damina, in hatsi ya fara fitar da kai, can yake wuni. Yana bin kunya-kunya, ya sunkuyo da wannan zangarniya ya duba, ya tuge wancan kara ya jefar a gefe, ya ɗaure wa wata jaka a ka kamar mai yi wa jinjiri hula. Da rani kuwa yana garkarsa, ran kasuwa kuma yana zaune a ƙarƙashin wata rumfa, mata na kawo masa iri a ƙoƙo yana zubawa a tafin hannu yana dubawa. Ba ya karɓar komai. In an matsa masa, sai ya ce a kai wa Dijatu gyaɗa.

Sunansa Ibrah Ɗangoma, amma ko jikokinsa Mai Kafe suke ce masa. Baƙo in ya ji sai ya zaci mai tebur ne a bakin tasha. Ba haka ba ne. Babu itaciyar kafe, wato gahawa, ko ɗaya a duk faɗin ƙasar Kurfai inda Filinge take, kuma Ibrah bai taɓa sayar da ko kofi ɗaya ba. Sunan ya biyo shi ne daga nesa, kuma labarinsa ya kamata a ji tun mai shi na raye.

Shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai, bayan farin da ya share garken mutane, Ibrah na cikin samarin da suka hau kamiyo, babbar motar kaya, suka yi kudu. Ya bar mahaifinsa da gona da rumbu babu komai ciki. Ya yi dako a Abija, ya yi gadi, daga baya wani ɗan garinsu ya sa shi aikin sassabe a wata gonar bincike ta gwamnatin Kodebuwa, can cikin kurmi, inda ba a shuka komai sai kafe. Aikinsa adda ce da ciyawa. Amma Ibrah ɗan manoma ne. In ya zo kusa da ƙaramin dashe sai ya aje addar, ya durƙusa, ya cire ciyawar da yatsa.

Wata mace ce ta lura da haka. Sunanta Madam Ahu, 'yar ƙasar ce, ta yi karatun tsirrai mai zurfi, kuma ita ke kula da sashen haɗa iri. Ta kira shi ta miƙa masa wani reshe mai tohon fure ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ta ba shi hantsaki, ta ce ya buɗe ɗaya ba tare da ya ji masa ciwo ba. Ya buɗe. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara har reshen ya ƙare. Daga ranar bai sake riƙe adda don ciyawa ba.

Da guntun faransancinsa da haƙurinta ta koya masa abin da suke nema. Kafe iri biyu ne manya. Akwai na tudu, mai son sanyi, wanda furensa ke karɓar garin kansa ya yi 'ya'ya ko da shi kaɗai ne a duniya. Akwai kuma na kurmi, mai jure zafi, wanda manoman ƙasar ke nomawa, shi kuwa ba ya yarda da kansa sam.

Ta ce masa, "Duba nan. Kowace itaciya tana ɗauke da shaida biyu a jininta, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Garin furen nan kuwa, kowace ƙwayarsa shaida ɗaya take ɗauke da ita. In ta faɗa kan fure, furen ya gane shaidarsa ce, sai ya toshe mata hanya kafin ta kai ciki. Furen ya bushe ya faɗi, babu ɗa."

Ibrah ya shafa askar gado da ke kuncinsa. Ya ce, "Ashe ita ma aska take dubawa. Mu in muka ga askar gidanmu sai mu buɗe ƙofa, ita in ta gani sai ta rufe."

Madam Ahu ta yi dariya har ta dafa itaciya. Ta ce a duk shekarun karatunta ba wanda ya faɗa mata haka, amma daidai ne. Abin da suke so, in ji ta, shi ne su samu ta kurmi wadda ba ta rufe ƙofar, su kuma gane yadda wannan hali ke bin zuriya, don manomi ya iya cika gonarsa da iri guda mai kyau ya ci amfaninsa.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Kafe yakan riƙe tohonsa a rufe duk tsawon rani. Sai ruwan farko ya sauka, bayan kamar mako, wata safiya gonar duka ta yi fari fat, ƙamshi ya cika ko'ina, ƙudan zuma su yi ta ruri. Kafin jibi furen ya yi yaushi. Aikin shekara guda a cikin waɗannan safiyoyi yake. Tun kafin tohon ya buɗe, Ibrah zai cire mazajen fure da hantsaki, ya rufe reshen da jaka don kada zuma ta shiga. Da furen ya buɗe sai ya shafa masa garin itaciyar da aka zaɓa. Shi bununi yake ce wa garin, kamar na hatsi, har abokan aikinsa suka kama kalmar. An ba shi ɗan buroshi, ya ce ya yi kaushi, ya koma gashin zabo. In an samu 'ya'ya a shuka, a jira shekara uku ko huɗu su yi fure, sannan a sake gwadawa. Aiki ne da mutum ke yin tambaya yau, a ba shi amsa lokacin da yaron da aka haifa ranar ya iya aike.

Cikin ɗaruruwan itatuwan da ya gwada akwai wata da aka samu daga haɗa ta kurmi da wata kafen daji da aka ɗauko daga nesa. Ya shafa mata garin kanta kamar yadda ya yi wa sauran, ya ɗaure. Bayan wata biyu ya kwance jakar ya tarar da 'ya'ya sun yi cincirindo. Bai yi murna ba. Ya tafi wurin Madam Ahu ya ce wataƙila bai ɗaure da kyau ba, zuma ta shiga. Ta ce to, a jira baɗi. Da shekara ta zagayo ya rufe reshen da jaka biyu, ɗaya cikin ɗaya, ita kuma ta tsaya a kansa. Itaciyar ta sake haihuwa. A wurinsu lamba gare ta, shi kuwa Isassa ya sa mata, wai don ta ishi kanta. Shekaru suka nuna sauran. 'Ya'yan da ta haifa da garin kanta duk sun gaji halinta, sai dai da yawansu sun fito ƙanana, marasa ƙarfi. Waɗanda aka haɗa ta da wata kuwa sun fito lafiyayyu, kuma kusan rabinsu ne suka gado ta. Ibrah ya riƙe wannan darasi fiye da kowane: abin da ya saba cuɗanya, in ka tsare shi cikin jininsa kaɗai, zai haihu amma zai tsumbure.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yi abin da Kailu ba ya gajiya da ba da labarinsa. Kailu yanzu tsoho ne a Abala, yana sayar da igiya da akala, amma a lokacin saurayi ne daga wani ƙauyen Kurfai inda ake riƙe da al'adar kakanni. Mahaifiyarsa 'yar bori ce, kuma ta ɗaura masa layu da guraye kafin ya tafi. Ya samu ƙodago wurin wani dattijon manomi mai suna Kwajo, a wani ƙauye mai nisan rabin wuni daga gonar binciken.

Kwajo ya taɓa ganin wata itaciyar kafe a gonar ƙanensa mai 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Ya yanko rassanta ya dasa, ya cika sabuwar gonarsa da su, can cikin daji inda babu wata kafe kusa. Gonar ta tashi gwanin sha'awa. Shekarar da ta fara fure ita ce shekarar da Kailu ya zo. Fure ya yi fari ya zube, babu ɗa. Shekara ta biyu ma haka. Sai mutanen ƙauyen suka fara duban layun da ke damtsen baƙo. Aka ce shi ya ɗaure gonar. Samari suka yi masa duka, suka tsinke layunsa, aka tsare shi a ƙauyen aka ce ba zai fita ba sai ya kwance abin da ya ɗaure. Aka kuma ce in fure na uku ya zube, za a sa wa bukkokin 'yan arewan da ke ƙodago a ƙauyen wuta, su da matansu da yaransu su san inda za su.

Labarin ya iso wa Ibrah ruwan farko ya riga ya sauka. Wato ranar da furen Kwajo zai buɗe ita ce ranar da na gonar bincike zai buɗe, ranar da Madam Ahu ta fi bukatar hannunsa a duk shekara. Ya je ya tsaya gabanta ya faɗa mata. Ta tambaye shi abu ɗaya: "Daga itaciya nawa ya yanko rassan?" Ya ce an ce ɗaya. Ta dafe kai. Ta shiga ta fito da garin furen wata itaciya dabam da aka adana a kwalba, ta sa direba ya kai shi. Ta ce, "Nawa zai jira baɗi. Mutum ba zai jira ba."

Kailu ya ce lokacin da ya ga Ibrah ya sauko daga mota bai san shi ba, askar fuskarsa kawai ya gani ya fashe da kuka. Ibrah ya ce masa, "Share hawaye, ƙanena. Ba ka yi komi ba, kuma iccen da kainai za shi hwaɗi."

Ya gaida Kwajo gaisuwar da ake yi wa uba, ya roƙi a bar shi ya rufe rassa uku a itaciya guda. Ya bayyana musu cewa gonar duka, ko da ta kai itatuwa dubu, itaciya ɗaya ce aka rarraba, kuma kafen kurmi ba ya auren kansa. Wani saurayi ya ce ai wannan ma ɗan'uwan mayen ne, ya zo da nasa maganin a kwalba. Ibrah bai yi musu ba. Washegari da furen ya buɗe sai ya miƙa wa Kwajo gashin zabon.

Ya ce, "Baba, ni ba zan taɓa ba. Gonarka ce, hannunka zai yi. Wannan reshe ka bar shi yadda yake. Wannan ka shafa masa garin 'yar'uwarsa ta kusa. Wannan kuma ka shafa masa na kwalba. In na ukun bai haihu ba, ku kore mu tare, ni ne a gaba."

Tsohon ya yi da hannunsa, ya ɗaure jakunkunan da kansa, ya sa ɗansa gadi. Wata biyu Kailu na zaune a ƙauyen ba mai amsa gaisuwarsa. Ranar da aka kwance, rassa biyu fayau suke. Na ukun ya cika da 'ya'ya koraye, a jere kamar duwatsun wuya. Kwajo ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juya, a gaban kowa, ya cire mayafinsa daga kafaɗa ya durƙusa gaban Kailu, yaro sa'an jikansa. Ya aika aka tattaro layun da aka tsinke, matarsa ta ɗinke su. Daminar nan Ibrah ya kawo masa dashen wasu iri aka ratsa su cikin gonar, kuma Kailu ya zauna har ya ga girbin farko kafin ya nemi hanyar gida.

Kai ne ka yi wannan, Malam Ibrah. Kai mai salla, shi ɗan mai bori, ba ku haɗa uwa ba, ba ku haɗa uba ba, amma ka sa wuyanka inda nasa yake. Kuma ba ka kunyata tsohon da ya yi kuskure ba. Ka bar shi ya gano gaskiya da yatsunsa.

Sai shekarar gobara ta zo. Fari ya kai har kurmin da ba a san shi da fari ba, ganye ya bushe, wuta ta riƙa cin gonaki daga gari zuwa gari. Ranar da ta iso gonar bincike da azahar ne, iska na bayanta. Ma'aikata suka kama sharar hanya don tare ta, amma ta tsallake ta kama sashen da Isassa take. Ibrah ya duba ya ga uwar ba ta ɗaukuwa. 'Ya'yanta da jikokinta kuwa suna cikin rumfar reno, ƙanana a cikin ledoji, aikin kusan shekara tara. Ya jiƙa buhu ya yafa, ya shiga ya riƙa kwaso su yana kaiwa bakin rafi. Wasu suka ga haka suka bi shi. A shigarsa ta ƙarshe rufin rumfar ya rufto, ya tare da hannun hagu. Bai saki abin da ke hannun dama ba.

Isassa ta ƙone ƙurmus. Madam Ahu ta zauna a kan tokar ta yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Da ta je asibiti duba shi, kafin ta buɗe baki ya tambaye ta ko an ba na bakin rafi ruwa. Daga waɗannan da ya fitar aka ci gaba da aikin. Mun ji an yi rubuce-rubuce a kansu a ƙasashen da Ibrah bai taɓa zuwa ba. Shi dai abin da ya sani, zuriyar ba ta yanke ba.

Bai daɗe da warkewa ba wani da ya zo daga gida ya faɗa masa cewa yunwar tamanin da huɗu ta ɗauke mahaifinsa, kuma mutanen ƙauyensu sun ci har irin shukarsu. Madam Ahu ta roƙe shi ya zauna. Ya ce ya yi wa itatuwan wasu hidima shekara goma, yanzu gonar ubansa ba mai shiga. Ta ba shi hantsakin da ya fara aiki da shi, suka yi sallama, kuma ba su sake ganin juna ba.

Ya iso Filinge da ƙullin 'ya'yan kafe a aljihu. A lokacin hukuma na ta kiran mutane su yi noman rani, shi ma ya haƙa rijiya a fadama, ya yi rumfa, ya shuka kafensa yana ba shi ruwa safe da yamma. Ya tsiro kuwa, har mutane na zuwa kallo. Da zafin bazara ya kankama sai ganyen ya naɗe kamar taba, ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta dariya a majalisa, aka ce ga Mai Kafe nan. Shi ma ya yi dariyar. Ya ce, "Na san ba shi yi. Zuciya ce ba ta sani ba."

Abin da ya tarar a gonaki ne ya hana shi barci. Irin da aka samo daga agaji da kasuwanni ya cakuɗe, gonaki sun cika da shibra, wannan hatsin mai siririn kai da ke zubar da ƙwayarsa tun kafin girbi. Kowace shekara tana ƙaruwa, zangarniya na ƙanƙancewa. Ibrah ya tsaya ya lura da hatsi yadda aka koya masa lura da kafe. Ya ga hatsi ba ya ƙin kansa ƙiri-ƙiri, amma farin gashin da ke karɓar bununi yana riga bununin zangarniyar fitowa, don haka na maƙwabci yake ɗauka, duk wanda iska ta kawo. In maƙwabcin shibra ce, irin baɗi ya ɓaci. Wake kuwa ya ga shi kamar kafen tudu ne, yana gama aurensa tun furen na rufe, shi ya sa mace ke iya shuka fari da ja gefe da gefe kowanne ya fito da kamarsa.

Ya tashi a taron samariya, ƙungiyar matasan gari, ya ce a tuge shibra duka kafin ta yi bununi. Nan ya gamu da Inna Habsa, wata tsohuwa da ta binne 'ya'ya biyu a yunwar. Ta miƙe da sandarta ta ce, "Kai ɗan Ɗangoma, kana Kurmi kana shan ƙamshin hure lokacin da munka ci ganye. Shibrag ga da kaka zagi, ita ka nuna tun hatsi na ciki. Ita tar raya jikokina. Wanda zai tuge ta gonata shi hwara tuge ni."

Ibrah ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Ban ga abin da kunka gani ba, kuma na yi azarɓaɓi. A bar shibra inda take. Gona guda nika roƙo, nesa da sauran, wadda ba don ci za a noma ta ba, don iri."

Aka ba shi wani fegi a bayan tudu. Bayan 'yan kwanaki sai ga Inna Habsa a ƙofar gidansa da wata 'yar gora da aka liƙe bakinta da laka. Tsohon zangon Kurfai ne a ciki, hatsi mai dogon kai, irin na mijinta. Ta ɓoye shi duk tsawon yunwar, jikokinta na kuka, ba ta fasa ba. Ta ce, "In ka ɓata shi, Allah ya isa." Ya karɓa da hannu biyu. Ya tambaye ta daga zangarniya nawa ta sussuka shi, ta ce ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Nan ya tuna 'ya'yan Isassa da suka tsumbure. Ya san in ya tsare wannan ɗan iri cikin jininsa kaɗai, bayan 'yan shekaru zai lalace. Sai ya ɗauki sanda ya shiga ƙauyuka, ya kai Abala, ya kai Sanam, ya zauna a kasuwar Baleyara yana tambayar tsofaffi ko akwai mai sauran zangon da. Wannan ya ba shi cikin cokali, wancan cikin tafin hannu. Ya haɗa su a fegin nan suka auri juna, yana tuge duk karan da ya ga bai yi kama da gidan ba.

Damina ta uku ya kai wa Inna Habsa dami na farko. Ta zaro zangarniya ɗaya ta gwada da hannunta, ta wuce daga yatsa har kafaɗa. Sai ta rungume ta. Daga wannan fegi iri ya bazu, ƙoƙo-ƙoƙo, da sharaɗi guda: in ka girbe ka mayar da ƙoƙo ga wani. Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka dawo suka sake tafiya. Ma'aikatan gona na zuwa su zauna da shi, su kawo nasu sabon iri mai saurin nuna, shi ya nuna musu inda za a shuka don kada ya cakuɗe da tsohon. Fegin bai taɓa kwana ba shuka ba.

Bana idonsa ya yi rauni. Ya ce ba ya iya bambanta shibra da zango sai ya shafa, kuma mai aikin iri in ya fara zato to ya aje. Ya damƙa fegin ga 'yarsa Muna da ƙungiyar matan da suka daɗe suna koyo a wurinsa. Ranar da aka taru don haka, Kailu ya zo tun daga Abala. Wasu samari da suka dawo daga Abija suka ce yau sai sun girmama Mai Kafe da abinsa. Suka dafa kafe mai kyau, suka zuba a kofin tangaran, suka miƙa masa gaban jama'a. Ya karɓa, ya shinshina, ya ɗan kurɓa, fuskarsa ta yamutse.

Ya ce, "Ɗiyana, Allah shi yi muku albarka. Amma ni tun ina can ban taɓa iya shan abin ga ba, ɗaci garai. Hurensa nika so. Dijatu, in da sauran hura a miƙo."

Aka yi dariya har Kailu na share ido, kuma ba duka hawayen na dariya ba ne.

Malam Ibrah, mun gode. Mun gode da hannun da ka ba wuta, da gaskiyar da ka faɗa lokacin da ka zaci kuskurenka ne, da kan da ka sunkuyar gaban tsohuwa ka ce ta fi ka gani. Na Dijatu, baban Muna, mai jiran amsar shekara huɗu. Sunanka ba ya jikin kowane allo, amma akwai yara a ƙasar Kurfai da suka girma da tuwon da ya ratso ta tafin hannunka ba su sani ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idonka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samarinmu da ke hawa mota kowace shekara ku yi kudu ko arewa, ba mu ce kada ku tafi ba, shi ma ya tafi. Amma duk aikin da aka sa ku, ko shara ce, ku buɗe ido ku tambayi dalilinsa, ku dawo da abin da ba a ƙwacewa a kan iyaka. Waɗanda ke gida kuma, dattijon nan yana raye, gidansa ba ƙofar da ake rufewa. Ku je ku gaishe shi tun yana iya amsawa. Ku tafi da yaranku, ku bar su su yi masa tambaya, don ba abin da ke sa shi farin ciki kamar yaro ya ce masa, "Kaka, don mi?"